Na'urar gano kifi a kan kayak: wane batir, kuma ina za a ɗaura idon?

Dan_Gamkalle
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'abota ruwa. Ina da kayak, wato ƙaramin jirgin ruwa na roba irin wanda ake zama a samansa, na mutum ɗaya, hannun wani bature na saye shi da zai tashi daga Yamai. Yanzu kuma yayana ya aiko min da na'urar gano kifi, Garmin Striker 4, ƙaramar nan mai allon inci 3.5. Cikin kwalin akwai allon da ƙafar da yake zama a kai, da wayar wuta ja da baƙa, da idon nan da ke shiga ruwa mai doguwar waya, amma babu batir. To tambaya biyu gare ni. Wane batir zan sa wanda ba shi da nauyi kuma zai kai ni daga asuba har azahar? Sannan ina zan ɗaura idon, don ni dai ba na son huda jirgin. A kogin Neja tsakanin Gamkalle da Saga nake yawan shiga, kuma da ƙugiya nake kamu ba da taru ba.

Mai_Moto227
Wa alaikumus salam. Batirin moto kawai za ka sa ɗan uwa, 12 volt ne, ko'ina akwai shi, in ya yi sanyi ka mayar kan moto ka zaga gari ya cika.

Injiniya_Harobanda
@Mai_Moto227 zai kunna ta kam, amma ba shi ne ya dace ba. Batirin moto an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa lokaci guda don tada inji, daga nan moto ta mayar masa nan take. In kana tsotsarsa a hankali awa shida, bakwai, yana sauka ƙasa kana sake cikawa, ba zai daɗe ba zai mutu. Kuma in mai ruwan asid ne, kayak na tangaɗi, asid ɗin zai zubo maka a ƙafa da kaya.

Dan_Gamkalle, na'urarka ba ta cin wuta. Abin da take ja bai wuce amper 0.23 ba a kan volt 12. Yi lissafi, awa 8 bai kai Ah 2 ba (Ah shi ne amper-awa, ma'aunin yawan wutar da ke cikin batir). Nemi batirin ondilar, na'urar nan mai riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, rufaffen nan baƙi na dalma 12V 7Ah, masu kayan wuta a Katako da Babbar Kasuwa duk suna da shi. Irin wannan ba a son a sha fiye da rabinsa, wato Ah 3.5, wanda zai ba ka wajen awa 15. Nauyinsa kilo 2 da ɗan wani abu. Sai ka tabbata akwai fizibil na amper 3, abin nan mai yanke wuta in ta yi yawa, a kan jar waya, kusa da batir ɗin, ba can kusa da allo ba. Wannan kar ka yi wasa da shi, ƙaramin batir ɗin nan in wayoyinsa suka haɗu zai narka roba.

Dan_Gamkalle
Na gode Injiniya, Allah ya ƙara sani. To cajinsa fa? Ina da cajar batirin mota a gida.

Injiniya_Harobanda
A'a kar ka sa masa ta mota sai in tana da wurin rage ƙarfi, ta yi masa yawa, zai yi zafi ya kumbura. Ƙaramar caja ta amper 1 mai tsayawa da kanta in ya cika. Kuma duk ranar da ka dawo daga ruwa ka sa shi a caji a daren, kar ka bar shi a sauke sati guda. In kana da mita ka auna bayan ya huta, 12.7 ya cika, in ka ga 12.2 ya kai rabi ke nan.

Solar_Wadata
Ni da za a bi shawarata litiyom za a saya, LiFePO4. Ƙarfi ɗaya amma nauyin bai kai rabin na dalma ba, kuma kana iya shan kusan dukkansa ba abin da zai same shi, ga shi yana shekaru. Batirin dalma da zafin Yamai ba sa shiri, watan Afrilu da Mayu da ake haura digiri 43 ku tambayi duk mai ondilar a ofis sau nawa yake canjawa. Kuɗinsa ne dai ya fi, kuma yana son cajarsa ta kansa mai kai 14.6. Matsalar kawai a kasuwa akwai na jabu da yawa, a rubuta babban lamba a jiki ciki kuwa tsofaffin ƙwayoyi ne. In za ka saya ka tambaya ko akwai BMS a ciki, wato abin da ke kare ƙwayoyin daga wuce kima wajen caji ko sauka, in mai shago bai san abin da kake nufi ba ka wuce gaba.

Yaro_Talladje
To ni fa power bank nake ganin ya fi sauƙi, kowa yana da shi a aljihu. Akwai wata waya da ake sayarwa mai ɗaga volt 5 na USB zuwa 12, da ita mutane ke kunna wifi in kuran ya tafi. Me zai hana?

Injiniya_Harobanda
Yana yi, amma da sharaɗi. 10000 mAh ɗin da aka rubuta a kan volt 3.7 ne, ba 12 ba, wato wajen watt-awa 37. Na'urar na cin kusan watt 3, in ka cire abin da ke ɓacewa wajen ɗagawa za ka samu awa tara zuwa goma in power bank ɗin na gaskiya ne. Abin da ke damuna shi ne 'yan wayoyin ɗagawan nan masu arha suna fitar da wuta mai datti, sai ka ga allo ya cika da ɗige ɗige da layuka a tsaye ka ɗauka kifi ne. Sannan bakin USB da ruwa ba sa haɗuwa, ɗigo ɗaya ya isa. In dole ne to a cikin akwati rufaffe.

Malam_Lamorde
Ku gafarce ni, ina ganin an fi ba batir muhimmanci alhali shi ne mai sauƙin. Tambayarsa ta biyu ita ce aikin. Idon nan sauti yake harbawa ƙasa, sautin ya bugi ƙasa ko kifi ya dawo, na'urar ta auna lokacin da ya ɗauka. A ruwa sauti na tafiyar wajen mita 1500 a daƙiƙa ɗaya, da haka take sanin zurfi. Abin da ke kashe shi kuwa iska ce. Ko 'yar kumfa ta shiga tsakanin idon da ruwa, shi ke nan ba za ka ga komai ba. Saboda haka duk inda za ka sa shi, ka tambayi kanka abu biyu: fuskarsa na kallon ƙasa sak? akwai iska a gabansa?

Hanya uku na sani a kan kayak na roba. Ko ka manna shi daga ciki a gindin jirgin ya harba ta cikin robar, ko ka saƙalo shi ta ɗaya daga ramukan nan da ruwa ke fita ta ƙasa, ko ka yi masa hannu a gefe ya sauka cikin ruwa. Ta ciki ba a huda komai kuma dutse ba zai taɓa shi ba, sai dai zafin ruwan da zai nuna maka ba daidai ba ne, kuma ƙarfin na ɗan raguwa. A zurfin kogin nan namu raguwar ba za ta dame ka ba.

Dan_Gamkalle
Malam ta cikin nan ta kwanta min. Akwai murfi a gaban wurin zama, hannuna na kaiwa gindin. Da wane kol zan manna?

Malam_Lamorde
Kafin kol, gwada tukuna. Zuba ruwa a leda mai ƙarfi, sa idon a ciki ka ɗaure, jiƙa gindin jirgin ka dangwala ledar a wurin, ka shiga ruwa ka gani ko yana ba da zurfi. Matsa nan, matsa can, har ka samu wuri shimfiɗaɗɗe da yake karantawa da kyau. Sai ka yi alama.

Kafinta_Boubon
Maganar kol ku bi a hankali. Robar kayak irin ta tankin ruwa ce, kusan ba abin da ke kama ta da gaske, kol mai tauri irin na ƙarfe mai kashi biyu da ake gaurayawa in rana ta buga jirgin ya motsa sai ya ɓalle gaba ɗaya. Abin da na ga yana zama shi ne a goge wurin da sanfefa, a wanke da alkol, a yanka soso mai tauri a yi masa rami daidai girman idon a manna sosan, sannan a cika ramin da silikon a danna idon ciki a hankali ana murzawa don iska ta fita, a ɗora masa nauyi a bar shi kwana biyu a inuwa. Wasu ma ba sa sa silikon a ramin, ruwa kawai suke zubawa duk ranar da za su fita. Wannan ya fi min don kana iya cire abinka ka kai gida.

Amma masu jirgin katako ku ji da kyau, wannan dabarar ba taku ba ce. Katako na shanye sautin, ba ya wucewa, ga kwalta da tsumma da muke cusawa a haɗin allunan. Na katako dole idon ya fito waje.

Baadare_Tabalak
Sannunku mutanen Yamai. Ni daga Tawa nike, tabkin Tabalak muke su. Abin da Kafinta ya hwaɗi gaskiya na, wani ɗan uwanmu da ya dawo daga Libiya ya zo da irin wagga na'ura, jirginmu na katako na, sai da munka yi mata hannu. Tiyon ruwa na roba munka samu, munka yanke kamu biyu, munka ɗaure idon a ƙasa da bulon, saman kuma munka kama shi ga bakin jirgi da maƙalin nan na kafintoci mai murɗawa. In za mu jefa birgi sai mu ɗaga shi mu aje ciki, don in ka bar shi raga na kama shi. Batir kuma na fanon gida muka ɗauka, ƙaramin, mu sa cikin bokitin fenti mai murhi. Shina aiki lahiya lau. Sai dai gaskiya tabki in rani ya yi nisa ruwan ba shi da zurhi, sanda ma ta ishe ka ka san ƙasa.

Malam_Lamorde
Wannan jimlar ta ƙarshe ta Ba'adare ita nake so a tsaya a kai. Sautin nan yana buɗewa ne yana sauka, ƙunci a sama faɗi a ƙasa. Idon da ke zuwa da Striker 4 yana harba sauti iri biyu, 200 kHz mai buɗin digiri 15 da 77 kHz mai digiri 45. A zurfin mita 3, na farkon faɗin abin da yake gani a ƙasa bai kai mita ɗaya ba, na biyun wajen mita biyu da rabi. To ka ga in kana kan ruwan mita ɗaya da rabi, abin da kake gani bai fi faɗin faifai ba, kuma kifin da ke wurin inuwar jirginka ta riga ta kore shi. Kar wani ya saya da tunanin zai riƙa ganin kifi ko'ina. Amfaninta a nan shi ne ta nuna maka gurbi, inda ƙasa ta faɗa daga mita biyu zuwa biyar, inda dutse yake, inda itace ya nutse. Giwan ruwa a irin wuraren nan yake laɓewa yana jiran ƙananan kifi.

Sorko_Goudel
Salamu alaikum. Na karanta wa babanmu abin da kuke tattaunawa, shi tun yana yaro yake cikin kogin nan, ya ce in rubuta muku. Ya ce gurabun da kuke nema da na'ura su sun san su da suna, daga Goudel har Kollo, kuma da launin ruwa da yadda yake juyawa a sama suke gane abin da ke ƙasa. Ya ce ba ya hana kowa abinsa, amma yaro ya fara zama gaban jirgin babba ya koyi ruwa kafin ya koyi allo, don ranar da batir ya mutu ido ne zai kai shi gida. Ya kuma ce kifin ne ya ragu, ba ganinsa ne ya yi wuya ba, raga mai ƙananan ido ta kwashe 'ya'yan.

Dan_Gamkalle
A gaida Baba da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Maganarsa gaskiya ce, kuma in ya yarda ni mai zuwa ne in gaishe shi in zauna gaban jirgin. Sai dai ka tambayar min shi, gurabun da ya sani tun da, suna nan inda suke? Don ni abin da nake gani yashi na tafiya, inda na samu zurfi bara bana sai filafili ya taɓa ƙasa.

Sorko_Goudel
Ya ce na dutse suna nan, na yashi kam sun canja, wasu sun cike sarai. Ya ce korama ce ke zubo yashi duk damina, kuma tun babban ruwan 2020 wurare da yawa ba su koma yadda suke ba. Ya tuna mana da 1985 da kogin ya tsaya cak a Yamai mutane na ratsawa da ƙafa, ya ce a shekarar ya ga gindin kogin da idonsa, shi ya sa ya san inda kowane dutse yake.

Injiniya_Harobanda
To ai nan na'urar ke da rana. Tana da GPS a ciki, duk gurbin da ka samu ka danna ka aje alama, in ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine ya iso a Disamba da Janairu kogi ya cika ya rufe duk alamun bakin gaɓa, kai kana komawa kan wurin daidai. Ilimin Baba da alamar GPS in suka haɗu ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiya_MaiKifi
Ni tambaya gare ni 'ya'yana, ku yi haƙuri ban san kan abin ba. Wannan abin da kuke sa wa batir kuna tsomawa a ruwa, ba shi ne ke kashe kifi da wuta ba? Don mu masu saye muna jin ana cewa akwai masu yin haka, kuma ni ba zan sa wa mutane irin wannan kifin a tire ba.

Malam_Lamorde
A'a Hajiya, hankalinki ya kwanta. Wannan ba ya sakin wuta a ruwa ko kaɗan, sauti ne kawai, ko hannu kika sa ƙarƙashinsa ɗan ƙyas ƙyas za ki ji. Kamun kifi da lantarki ko da guba ko da nakiya wani abu ne dabam, kuma doka ta hana, don yana kashe babba da ƙarami har da ƙwai. Wannan kuwa kallo kawai yake, mai ƙugiya sai ya yi haƙurinsa kamar kowa.

Hajiya_MaiKifi
To madalla, Allah ya yi albarka. In kun samu giwan ruwa ku tuna da mu, yanzu sai ka zaga kasuwa ba ka ga babba ba, karfasa ce da tarwaɗa sai kurungu.

Abu_Kirkissoye
Ina so in koma kan maganar mannawa a ciki, ni ban goyi baya ba. Kayak ɗin nan in ka ja shi kan gaɓa ka bar shi a rana cikinsa zafi yake kamar me, ga batir ga ido duk a rufe a ciki. Kuma in ka manna da silikon ya zamana akwai kumfa a ciki ba ka da yadda za ka gani sai ka ga allo na ɗauke zurfi yana dawowa. Hannu a gefe ya fi, kana ganin abinka, kana ɗagawa in ka zo wurin kainuwa ko yashi, in ka tashi ka kwance ka tafi da shi ba ka bar wa ɓarayi ba. Ni kan akwati ɗaya na haɗa komai, ƙaramar gilasiya ta roba irin ta ajiye ƙanƙara, batir a ciki an tokare shi da soso, allon a ɗaure kan murfin da bis na inokis guda huɗu, hannun idon a jikin gefenta, ita kuma na ɗaure ta da robar shambur a jirgin. Ban huda jirgi ko sau ɗaya ba, gilasiyar na huda.

Kafinta_Boubon
Abu dabararka ta yi kyau wlh, amma hannu a gefe yana jan ruwa, jirgin zai riƙa karkata gefe ɗaya kana gyarawa da filafili, in kana haurawa sama gaba da ruwa a watan Janairu za ka ji a kafaɗa. Ga kainuwa na naɗewa a jiki. Kuma layin ƙugiya in babban kifi ya zaga ƙarƙashin jirgi wurin hannun nan yake zuwa ya sarƙe.

Abu_Kirkissoye
Shi ya sa na sa shi can baya da kujera, gefen da ba na jefa ƙugiya, kuma bai sauka da yawa ba, yatsa uku ƙasa da gindin jirgi ya isa. In ina tafiya mai nisa ɗagawa nake. Ba wurin tafiya nake buƙatarsa ba sai na iso inda zan nema.

Yaro_Talladje
Wayar idon nan ta yi tsawo da yawa ai, mita nawa ne a kan jirgin da bai kai mita huɗu ba. A yanke a haɗa mana.

Injiniya_Harobanda
Kar a yanke. Wayar wuta ja da baƙa kana iya ragewa ko ƙarawa, amma ta idon tana da rigar kariya a ciki, in ka yanke ka haɗa da sikoc ruwa zai shiga kuma datti zai cika allo. Naɗe ragowar ka ɗaure, kuma kar ka naɗe ta tare da wayar batir. Bakin wayoyin da ke shiga bayan allo ka shafa musu ɗan man silikon na lantarki, haɗin batir kuma a yi shi da kan waya mai matsewa a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. Murɗa waya da hannu a naɗe da leda shi ke sa na'ura na mutuwa tana kunnuwa a tsakiyar ruwa.

Solar_Wadata
Ƙari a kan caji, tunda lokacin zafi kuran ba shi da tabbas. Fanon hasken rana na watt 10 da ƙaramin regilata mai daidaita caji ya isa ya mayar da abin da ka sha a yini ɗaya cikin 'yan awoyi. A gida za ka bar shi, ba sai ka ɗora a jirgi ba. Kar dai a haɗa fano kai tsaye da batir ba regilata, fanon da aka rubuta 12 yana haura volt 20 in ba kaya a kansa.

Nana_Plateau
Duk kun yi maganar batir da kol ba wanda ya ce rigar ruwa. Yayana kayak ba kwalekwale ba ne, mutum na sunkuye yana kallon allo ruwa na tafiya da shi bai sani ba. Ƙasa da Saga zuwa Libore akwai dorina, kuma ba mu manta da 'yan makarantar da dorina ta kife jirginsu a Libore a 2014 ba, Allah ya jiƙansu. Na'urar nan ba za ta gaya maka dorina na gabanka ba, abin da ke ƙarƙashinka kawai take gani. Sa jile, ɗaure filafili da igiya, salula cikin leda, kuma wani a gida ya san inda ka nufa.

Sorko_Goudel
Amin. Baba ya ce musamman uwa mai ɗa, in ka ga kunnuwa ko ka ji hucinta kar ka ratsa tsakaninta da zurfi, ka ba ta wuri tun daga nesa, kuma kar ka tsaya kan gurbin da suke kwana komai kifin da allo ya nuna maka.

Dan_Gamkalle
Amin ya Allah. Ina da jile ƙanwata, kuma na ji. Wata tambayar, na kunna ta a gida da batirin maƙwabci sai na ga 'yan hotunan kifi na wucewa a allo alhali idon na kan tabarma. Lafiya take kuwa?

Malam_Lamorde
Lafiya lau, ta shiga yanayin gwaji ne da take nuna hoton koyo, ka duba cikin saiti ka kashe. Kuma kar ka riƙa barin idon na aiki a waje da ruwa na dogon lokaci. In ka shiga ruwa kuma ina ba ka shawara ka kashe hotunan kifin nan gaba ɗaya, don duk abin da ya ratsa, ganye ne, leda ce, reshe ne, sai ta zana maka kifi. Barta ta nuna abin yadda yake. Kifi na fitowa ne a lanƙwashe kamar baka in ka wuce ta kansa, in kana tsaye shi ma yana tsaye sai ya zama dogon layi. Ƙasa mai dutse layinta kauri ne mai ƙarfin launi, laka kuwa ba ta da ƙarfi. Tarwaɗa da kurungu da ke kwance a ƙasa da wuya ka raba su da ƙasan. A Agusta da Satumba da jan ruwa ke zuwa da tarkace ka rage ƙarfin ji, in ba haka ba allon duk zai cika.

Baadare_Tabalak
Malam wannan na rage ƙarhi mu ba mu san da shi ba, shi ya sa da damana muke kashe ta. Za mu gwada in Allah ya kai mu. Wani abu kuma, ku da ke birni, ma'aikatan gandun daji ba su tambayar takarda kan na'urar? Mu nan takardar su ɗai suka tambaya.

Abu_Kirkissoye
Ni ma ta su ɗin aka taɓa tambayata. Amma yadda ƙasa take yanzu ina ganin mutum ya riƙe takardunsa a jiki, ya nisanci ƙarƙashin gadoji da wuraren da jami'an tsaro suke, ko gadar Kennedy ko ta biyu ko ta Seyni Kountché, in an tsayar da kai ka kunna ka nuna musu abin da take yi cikin ladabi. Wanda bai taɓa ganinta ba zai ga allo da waya da batir cikin akwati dole ya yi tambaya.

Mai_Moto227
To ni har yanzu ban ga laifin batirin moto ba in rufaffe ne irin na yanzu mara ruwa, Ah 5 ko 7, abin da za a sha Ah 2 ne fa inji Injiniya da kansa. Wanda yake da shi a gida ya sayi wani don me?

Injiniya_Harobanda
In rufaffe ne kuma yana ajiye ba aikin da yake, ya fara da shi, ban hana ba, Ah 2 daga cikin 7 ba zai kashe shi da wuri ba. Wanda zai je saye ne na ce ya sayi na ondilar. Fizibil dai ko wanne ne sai an sa.

Dan_Gamkalle
Zan fara da gwajin ledar Malam ranar Lahadi, in ya karanta da kyau ta ciki sai in yi sosan Kafinta da ruwa ba silikon, allon da batir kuma a kan gilasiya irin ta Abu. @Abu_Kirkissoye wayar idon ta ina zan fito da ita daga cikin jirgin in murfin na rufe? Nan ne na tsaya.

Abu_Kirkissoye
Nan kam ko ka huda murfin, ba jirgin ba, ka sa masa robar matse waya irin ta akwatin lantarki, ko ka bar shi a ɗan buɗe, wanda ban ba ka shawara ba don in ka kife ruwa zai cika cikin. Kan wayar yana da ɗan kauri, auna shi kafin ka sayi robar. Turo hoton murfin mu gani ko mai murɗawa ne ko mai dannawa.

Kafinta_Boubon
In mai murɗawa ne waya za ta riƙa naɗewa duk buɗewa, gara a huda gefensa a sama inda ruwa ba ya kwanciya, rami ɗaya, a toshe da kyau. Kawo shi Boubon ranar Laraba in kana zuwa kasuwa in duba maka kaurin robar.